Tankin Mai Girma da Lambun Inna

Yau da safe na je neman izinin buɗe famfon da ke ƙofar gidana. Ba kuskuren masu buga jarida ba ne, daidai kuka karanta: gidan nawa ne, famfon a jikin gidan yake, mabuɗin kuma yana hannun hukuma. Na zura rigata mai dama-dama, na bi ta gefen layin mai da ƙafa ina gaida waɗanda na bari a wurin tun shekaranjiya, na isa Ofishin Tattalin Ruwan Sama mai shara bai ma gama ba. Malamin da ke teburin farko yana ɓarar gyaɗa a kan wani fayil.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mabuɗin tankin da kuka kafa a gidana na zo karɓa."

"Wane tanki?"

"Wanda Mai Girma ya ƙaddamar makon jiya. Kai ne ma ka tsaya a gabana lokacin hoto."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Au, kai ne mai cin gajiyar?"

"Haka aka rubuta a allon."

"To mabuɗi yana wurin mai kula da sito."

"Yana ina?"

"Ya tafi taron ƙara wa juna sani kan tattalin ruwa."

"Yaushe zai dawo?"

"Sai an rufe taron."

"Yaushe za a rufe?"

"Ai ba a buɗe ba tukuna. Ana jiran Mai Girma."

Ya miƙo mini takarda ya ce in cike, in faɗi dalilin da ya sa nake buƙatar ruwa. Na rubuta cewa shuka ce take mutuwa. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce dalilai uku hukuma ta sani, sha da wanka da wanki, shuka ba ta ciki. Na ƙara rubuta ƙorafi a bayan takardar na miƙa masa. Ya karɓa ya juye ɓawon gyaɗarsa a kai, ya ce in saurari amsa.

Bari in koma baya kaɗan, saboda wanda bai san gidanmu ba.

Mahaifiyata, Inna, ta dawo wurina shekara biyu da suka wuce, bayan gwiwoyinta sun ƙi aikin gona. Matar da ta yi shekara sittin fartanya ba ta bar hannunta ba, sai ga ta a ɗaki mai siminti, taga ɗaya, tana kallon bango. A kai mata abinci ya dawo yadda aka kai shi. Likita ya duba ya ce ban da gwiwoyin lafiyarta ƙalau, ni kuwa ina ganin uwata tana ƙarewa a gabana ban san abin da zan yi ba. Maiɗakina ce ta gano maganin. Ta ce, "Baban yara, ka fasa mata ƙasar bayan ɗakunan nan. Inna ba ciwo take yi ba, kewar ƙasa take yi."

Filin taku goma ne a tsaye, huɗu a kwance. Na fasa shi. Saura ruwa.

Muna da famfo a tsakar gida, kada a ce na yi wa hukuma butulci. An ja mana shi gab da wani zaɓe, an yi alkawarin ruwa zai biyo baya, an sake alkawarin a zaɓe na biyu da na uku, da murya ɗaya da lasifika ɗaya. In ka murɗa shi yakan yi tari sau biyu ya huro iska. Yanzu gizo-gizo ne ke zaune a ciki da iyalinsa, kuma shi kaɗai ne a layinmu ya ci moriyar aikin.

Wata rana ana tafka ruwan sama, Inna tana zaune a bakin ƙofa tana kallon yadda yake kwarara daga rufi yana bin lungu. Ta ce, "Auta, wannan ruwan da ke tafiya a banza, na wane ne?" Furfura ta cika mini kai amma har gobe Auta nake a wurinta. Na ce na Allah ne, Inna. Ta ce, "To ka tare shi mana, kana tsaye kamar an dasa ka."

Maƙwabcina mai walda ne, muna kiransa Tartsatsi. Shi ya yanko tsohon kwanon rufi, ya lanƙwasa shi ya zama doguwar kwata, ya rataye ta a bakin rufin. A nan ina roƙon mai karatu ya riƙe abu ɗaya, don manyan masana sun kasa riƙe shi: rufin gidana gangara ɗaya gare shi. Gaba, wajen titi, shi ne tudu. Baya, wajen lambu, shi ne gangare. Duk ɗigon da ya sauka a kan kwanon nan baya yake nufa. Saboda haka a baya muka rataye indararon, muka sa duro uku a ƙarƙashi, muka haɗa su da guntun tiyo, in na farko ya cika ya tura wa na biyu. Muka ɗaura raga a bakinsu saboda ganye da sauro. Inna ta kafa dokarta: ruwan farko a bar shi ya wuce, ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna, sannan a juya bututu cikin duro.

Jama'a, uwata ta tashi. Kafin kowa ya farka tana can kan 'yar kujerarta tsakanin kunyoyi, da gwangwanin madara da ta huda da ƙusa, tana shayar da tumatir da tattasai da alayyafo, tana yi wa tsutsa faɗa kamar jikokinta. Ta koma cin abinci har tana cewa gishiri bai ji ba. Tumatir arba'in ta dasa a jere a gindin bango, ƙarƙashin indararo, inda ruwan rufi ba ya dukansu. Da damina ta zo ƙarewa duro uku suna cike maƙil, tumatir ya yi fure ya fara 'ya'ya. Inna ta auna da idonta ta ce in aka bi a hankali, gwangwani biyu safe da yamma, ruwan zai kai su har su nuna.

Sai bakina ya ja mana. A wannan shafin, watan jiya, na ba ku labarin durona uku, ina ta cika baki wai talaka ya yi abin da ofis mai hawa uku ya kasa. Ashe manya suna karanta jarida. Ban taɓa zato ba, na ɗauka shimfiɗa ta suke yi a kan tebur in za su ci abinci.

Kwana shida bayan haka motoci uku suka tsaya a ƙofar gidana. Wani matashi ya fito da farar hular kwano da takalmi mai ƙyalli, aka ce shi ne Injiniya. Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce albishirina, an zaɓi gidana ya zama gidan gwaji na Shirin Rufi Ya Zama Rijiya, kuma Mai Girma Uban Ayyuka, Mai Almakashin Zinariya, Allah ya ƙara wa motocinsa yawa, da kansa zai zo ƙaddamarwa. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har na tambayi maiɗakina ko babbar rigata tana da guga.

Injiniya ya zaga baya, ya ga lungu, ya ga duro masu tsatsa, ya yamutsa fuska. Ya ce nan ba wurin kafa rumfa, ba wurin kujeru, masu ɗaukar hoto ma ba za su sami inda za su ja da baya ba. Saboda haka sabon tanki a gaba za a kafa shi, bakin titi, sabon indararon roba fari tas a bi da shi ta goshin gidan inda kowa zai gani.

Inna tana kan kujerarta tana jinsa. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan ta baya yake sauka."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Kaka, wannan aikin ilimi ne. An riga an zana, an sa hannu."

"To ai shi ruwan bai ga zanen ba. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ya hau tudu ba."

Tartsatsi ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Yallaɓai, ba sai an yi musu ba. A ba ni buta ɗaya in hau in zuba, ka ga inda zai bi da idonka."

Injiniya ya juya ya ce, "Malam, kana da takardar shaidar aikin ruwa?"

"Ina da tsani."

Ba a ba shi butar ba. Ma'aikata suka hau suka ɓalle tsohon indararonmu, wai kada 'yan jarida su ga tsari biyu su rikice. Sannan aka zo kan duro. Injiniya ya ce ba su dace da matsayin baƙon da ke tafe ba, a kai su sito a adana mini. Duro cike da ruwa ba ya ɗaukuwa, sai wani mai basira a cikinsu ya lura titinmu yana da ƙura, kuma ƙura ba ta da kyau ga fararen kaya. Da bokiti suka kwashe ruwan Inna, ruwan da aka tara tun farkon damina, suka yayyafa wa titi tun daga ƙofata har kwana. Ni kuma ina tsaye ina cewa, "Sannunku da aiki." Wallahi haka na ce. Inna ta dube ni sau ɗaya, ta ɗauki gwangwaninta ta shiga ɗaki, kuma kunyar wannan kallon ba ta sake ni ba har yanzu.

Ranar ƙaddamarwa ko gajimare ɗaya babu a sama. Kada ku damu, hukuma ta yi tanadi. An ɓoye tankar ruwa a bayan shagon Tartsatsi, aka jawo tiyo ta kan katanga aka kwantar da bakinsa cikin sabon indararo, aka rufe da ƙyallen ado. Mai Girma ya iso bayan mun yi awa huɗu muna jira, muna ta gode masa da ya yi sammako. Ya yanke ƙyalle, wani ya ɗaga hula a matsayin alama, direban tanka ya kunna inji. Ruwa ya bi indararo ya faɗa tanki da ƙara, aka ɗauki tafi. Mai Girma ya murɗa famfo, ya jiƙa yatsu uku, aka miƙo masa tawul. Ya yi jawabi ya ce daga yau matsalar ruwa ta zama tarihi, kuma wannan fasaha sai da aka tura tawaga ƙasashen waje sau biyu kafin a gano ta. Aka tura mini lasifika, na ce mun gode, Allah ya saka. Har da ɗan rusunawa.

Motar ƙarshe ba ta gama shan kwana ba direban tanka ya kashe inji ya naɗe tiyonsa. Na ce, "Haba malam, ka cika mana shi mana, ai ga ruwa nan a motarka."

Ya ce, "Sauran na gidan oga ne, furanninsa sun kwana biyu ba su sha ba."

Kafin in rufe baki mai kula da sito ya ɗana wa famfon kwaɗo, ya kulle murfin sama da wani. Wai kada a lalata kayan kafin baƙi masu ba da tallafi su zo dubawa, wata mai zuwa ko na bayansa. Na ƙwanƙwasa jikin tankin, na ji ruwan da ke ciki ya kai gwiwa. Ba yawa, amma zai riƙe lambu mako biyu.

Kwana biyar ke nan. Tumatir ya sunkuyar da kai, ganyen alayyafo ya kwanta. Maiɗakina tana tara ruwan ɗauraya a roba tana kaiwa baya. Jiya na kama Inna tana juye kofin ruwan da aka ba ta na shan magani a gindin wata shuka. Tartsatsi ya zo da abin yankan ƙarfe ya ce, "Maƙwabci, minti ɗaya ya ishe ni, ka juya baya kawai." Na nuna masa allon da aka kafe, inda aka rubuta cewa duk wanda ya taɓa kayan hukuma zai gamu da fushinta. Na ce masa ni mutum ne mai bin doka. Ya ce a garinsu matsoraci ake cewa. Shi ya sa na tafi ofis yau da safe, kuma kun ji yadda muka yi.

Na dawo da tsakar rana hannu rabbana, na tarar da Inna a tsakar gida tana kallon gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta shaƙi iska ta ce, "Auta, wannan shi ne na ƙarshe. Daga shi sai baɗi."

Da la'asar ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ruwan rufin nan gaba ɗaya ya gangaro baya yadda ya saba, bai tarar da indararo ba, ya zubo a tsaye a kan layin tumatir. Muka fito da duk abin da ke da baki a gidan, bokiti da baho da tukwane har da kwanon wanke hannu. Tartsatsi ya tsallako katanga da fallen kwano, ni da shi muka ɗaga shi a kanmu muna karkata ruwan cikin baho. Kafin ka ƙirga goma baho ya cika, ba inda za a juye. Maiɗakina tana ihu, "Ku matsa hagu! Baban yara, hagu na ce, kana taka tattasai!" Fallen kwano ɗaya ba ya rufe taku goma. Muna kare nan, can yana zuba.

A tsakiyar wannan hali na leƙa gaba, don in yi wa hukuma adalci. Sabon indararo yana nan fari tas, kyakkyawa, ruwan sama ya wanke shi. Ɗigon da ya faɗa cikinsa kai tsaye yana gangarawa tanki a hankali, ɗis, ɗis. In aka samu damina bakwai a jere ba tare da rani ba, ina da yaƙinin zai cika.

Da aka ɗauke, ruwan ya haƙa rami tun daga wannan kusurwa har waccan. Tumatir yana kwance saiwa a sama, ɗanyun 'ya'yan sun warwatsu cikin taɓo. Inna ba ta nemi kujerarta ba. Da waɗannan gwiwoyin da likita ya hana ta durƙusawa a kansu ta durƙusa, tana ɗaga shukar ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta ajiye ko ta mayar ta danna ƙasa da tafin hannu. Cikin arba'in, bakwai suka rage da rai. Na tsaya ina jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Samo mini kara da tsumma, wannan da sauran numfashinsa." Na juya kamar zan nemo kara, don kada matata ta ga idona.

Muna cikin haka sai ga sallama. Masinjan ofis ne a kan babur, ya lulluɓe da leda, ya miƙo ambulan. Dole in yaba: ƙorafin safe, amsa kafin magariba, ban taɓa ganin irin wannan sauri ba. Na yage ina laluben mabuɗi. Takarda ce kawai. Na karanta da ƙarfi kowa ya ji. Kwamitin ƙwararru ya zauna, ya duba zane, ya tabbatar tanki da indararo suna daidai inda ilimi ya ajiye su. Matsalar daga gidan take, don an gina shi yana fuskantar inda bai kamata ba. Saboda haka ana umartar mai cin gajiya ya gyara fuskar gidansa ta dace da aikin cikin kwana goma sha huɗu, kafin zuwan baƙi, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin mai yi wa shirin zagon ƙasa.

Tartsatsi ya zauna a kan bahon da ya kife, yana dariya har da tari. Inna ta ciji tsumma ta yage shi biyu, ta ce, "In za ku juya gidan, ku bari in gama ɗaure waɗannan tukuna."

To, masu karatu, kun ji. Ni ba na jayayya da masana. Ina neman majiya ƙarfi kamar arba'in ranar Asabar da hantsi, goma a kowace kusurwa, mu ɗaga gidan mu juya shi ya dubi ilimi. Roƙona ɗaya, in kun zo ta baya ku duba ƙasa kafin ku taka. Akwai tumatir bakwai a wurin da wata tsohuwa take jinya.